Kwabo na Goma Sha Uku

Makullai Don Crisanto yake yankawa a wani ɗan shago da ke bakin kasuwar garin Atlixco a ƙasar Mexico, shagon da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsuke ciki. Da wannan yake cin abinci. Amma abin da ya cinye masa ranakun Lahadi da rabin hankalinsa shi ne kwabbai masu tabo.

Ba kowane irin tabo ba fa. A gidan buga kuɗi da tsumma ake goge inji, wani sa'in guntun tsumman ya maƙale, injin ya sauko ya buga kwabon ta cikinsa. Sai kwabon ya fito da saƙar zare a fuska, hancin jarumin da ke jiki ya dushe kamar an lulluɓe shi da mayafi. Mai hankali in ya ga irinsa a canji mayar wa mai tumatir zai yi. Crisanto kuwa mota yake shiga har Puebla, ya wuni tsugune gaban 'yan gwanjo da gilashin masu gyaran agogo maƙale a ido, yana neman abin da jama'a suka ƙi.

Daga samartaka zuwa furfura, goma sha uku ya tara. Babbarsu wata peso ce, kuɗin ƙasar, ta azurfa, wadda tsumman ya kwanta mata sosai har ana ganin bakin ɗinkinsa. Sarauniya yake ce mata. In ya ciro ta yana juyawa a hasken taga, matarsa Doña Gudelia takan taɓe baki.

"Da ni kake kallo haka, Tsoho, da har yau ban tsufa ba."

"Ke ai kullum ina ganinki, Tsohuwa."

"Shi ya sa kake gudu Puebla."

Ba su taɓa haihuwa ba. Noemí, 'yar maƙwabtansu, ita ce ta cike musu gurbin. Crisanto ne ya riƙe ta ranar baftisma, don haka Padrino take kiransa, wato uban baftisma, kuma a shagon nan ta girma, a kan wata kujera mai ƙafa uku. Kafin ta iya karatu ta iya riƙe kwabo ta gefe don kada yatsa ya ɓata fuskarsa.

Da aka sa ranar aurenta da Efraín, mai gyaran firiji, sai ta roƙi Crisanto ya zama shi ne mai kawo arras, kwabban nan goma sha uku da ango ke zubawa a tafin amarya a gaban Fada, limamin coci, alamar abin hannunsa ya zama nata. Kowa kasuwa yake zuwa ya sayi na gwangwani masu ruwan zinariya a ɗan akwati, a wuce wurin. Amma ranar da dangin ango suke zaune a tsakar gida, an ci an sha, kan Crisanto ya yi zafi. Ya buga tebur.

"Ba za a zuba wa ɗiyata gwangwani ba ina raye! Nawa zan bayar, duka sha ukun."

Dangin ango suka tafa ba tare da sun san me suke tafa wa ba. Noemí ce kawai ta sani. Ta rufe baki da hannu, hawaye suka zubo mata.

Gari na wayewa kan ya huce. Sha biyu dai ya iya. Ya jera su a akwatin ɗaya bayan ɗaya kamar mai cire haƙoransa. Da ya zo kan Sarauniya, hannu ya ƙi. Ya sa ta, ya ciro ta. Ya sake sawa, ya je ya yanka wa wata mata makulli ya karkace, ya dawo ya ciro ta.

Namiji in yana son yin abin kunya, hujja ba ta yi masa wuya. Ya ce wa kansa cikin akwati za a rufe su, wa zai duba? In ya mutu ma ai Noemí ce za ta gaji Sarauniyar. Sai ya nemo wata peso ta azurfa mai shekara ɗaya da Sarauniya, lafiyayya, ya yanki gefen rigar girkin matarsa mai kaurin saƙa, ya karo ƙofar shago da tsakar rana, ya matse kwabon da tsumman cikin ƙarfen da yake danne makullai, har jijiyar wuyansa ta tashi. Saƙar ta fito. Daga nesa ba laifi.

Da yamma Gudelia ta ɗaga rigar tana leƙensa ta cikin hujin.

"Ɓerayen gidan nan almakashi suka saya?"

"Ni na sani?"

"To. Allah ya sa su iya ɗinki."

Shi kuwa bai ɗago kai ba.

Ranar biki coci ya cika. Crisanto ya miƙa akwatin, Fada ya buɗe ya yayyafa ruwa ya sa albarka. Wata gwaggon ango ta miƙa wuya ta ce, yadda kowa zai ji, "Waɗannan kuɗin daga rijiya aka tsamo su?" Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Wannan bai dame shi ba, ya saba.

Efraín ya zuba kwabban a tafin amarya. Noemí ta duba su kamar mai gaida tsofaffin ƙawaye. Sai babban yatsanta ya tsaya kan ta azurfar, ya juya ta baya. Crisanto ya ga juyawar nan, shi ne kuwa ya koya mata: na gaskiya bayansa tsaf yake, ko gashin gaggafar da ke jiki ana ƙirgawa, wanda aka matse a gida kuwa bayansa ya baje. Ta ɗago ta dube shi. Ba harara, ba hawaye. Ta dunƙule hannu ta juya wajen Fada.

A wurin walima uban ango ya miƙe da kofi a hannu, ya ce bai taɓa ganin mai kyauta irin Don Crisanto ba, mutum ya ba da wahalar rayuwarsa gaba ɗaya. Aka yi ta sowa. Kaza da miyar mole suka sandare a gaban Crisanto. Da aka zo rawar amarya da iyayen gida, ta ɗora hannu a kafaɗarsa.

"Padrino, jikinka rawa yake."

"Tsufa ne, 'yar nan."

"Haka ne," in ji ta, ta ci gaba da taka rawarta.

Bai iya kai mako ba. Ya naɗe Sarauniya a hankici ya tafi sabon gidan nasu, ya sami Noemí ita kaɗai tana jera kwanuka. Ya warware hankicin a kan tebur, ya tsaya da hula a hannu kamar mai neman aiki.

"Ga ta. Ba ni wancan in jefa a kwata."

Noemí ta kalli kwabon ta daɗe, amma ba ta taɓa ba.

"Ba a canja su, Padrino, kai ma ka sani. Sha ukun da Fada ya sa wa albarka su ne Efraín ya zuba mini. Wannan ba ta je aurena ba."

"Na jabu ne fa! Ni na matse shi."

"Na sani tun a coci. Da ka ce mini ba za ka iya rabuwa da ita ba, wallahi ko maɓallin riga ka cike da shi zan karɓa. Abin da ya tsaya mini a rai, ka zaci ba zan gane ba. Duk zaman da na yi a shagonka, ashe kallon sakarya kake yi mini."

Ta naɗe hankicin da kanta, ta tura masa cikin aljihun riga.

Sai ga Efraín ya shigo da kayan aiki a kafaɗa, ya rungume tsohon har ƙafarsa ta bar ƙasa.

"Don Crisanto! Yawwa, dama ina nemanka. Gwaggona ta ishe ni da maganar kuɗin rijiya. Nuna mini wanda ya fi daraja a ciki, in kai mata in toshe bakinta."

Ya ɗauko akwatin ya buɗe a gabansa. Crisanto ya dubi Noemí yana jira ta fasa, har yana so ta fasa ya huta. Ita kuwa ta rufe akwatin a hankali.

"Ba inda za ka kai mini su, bakin gwaggonka ko da buhun zinariya ba ya tosuwa. Kawo wa Padrino kujera, ba ka ga ya sha hanya ba?"

Aka kawo kujera ya zauna. Efraín yana ta zuba godiya, shi yana ta gyaɗa kai, aljihun ƙirjinsa ya yi masa nauyi kamar an sa dutsen guga. Sai da ya cinye duk abin da Noemí ta ɗora masa a faranti kafin ta bar shi ya tafi.