Notin da Ɗan'azumi Ya Binne

A maƙabarta na san Ɗan'azumi, wata Juma'a, ba da daɗewa ba bayan na binne ɗana Nasir. Na ga wani dattijo yana kai da komo a tsakiyar fili, yana cewa da Hausa, "Nan ne fa. Wallahi nan ne." Na yi masa sallama da Hausa, daga nan muka saba.

A nan ƙasar Larabawa aka haife shi, a unguwar Mahjar. Kakansa ya zo hajji da ƙafa daga ƙasar Katsina, bai koma ba. Shi bai taɓa ganin Katsina ba, iƙama, takardar izinin zamansa, ita ce kawai take cewa shi ɗan can ne. Tun yana saurayi yake ɗaure kwantena a tashar jiragen ruwa, har gwiwoyinsa suka gaza. 'Ya ɗaya Allah Ya ba su shi da matarsa Mastura, sunanta Wejdan. Sikila ta tafi da ita tana gab da gama sakandare.

A maƙabartar nan ba a rubuta suna a kan kabari. Dutse a kai, dutse a ƙafa, shi ke nan. Don haka ranar jana'iza, da mutane suka juya, ya tura wani babban notin tagulla, irin na jirgi, cikin yashi a wajen kanta. Biyu yake da su iri ɗaya, ya bar ɗayan a aljihu. Daga baya aka yi ruwan sama mai ƙarfi, ya kwashe duwatsun, ya shafe layukan. Ma'aikata suka zo suka daidaita ƙasa.

Mata ba sa shiga wurin. Duk Juma'a Mastura kan jira shi ya dawo ta ce, "Ka gaishe ta?" Shi kuwa bai iya ƙarya ba. Sai ya ce, "Na gaida mutanen wurin duka." Ta juya ta koma kicin. Abin da yake nema ke nan: wurin da zai tsaya, don ya iya cewa i.

Wani tsohon abokin aikinsa ya kai shi shagon wani Bandar a unguwar Bagdadiyya, inda ake sayar da na'urorin gano ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa. Bandar ya ba shi kujera, ya ba shi shayi, ya saurari labarin har ya share ido. Ya sayar masa da wata na'ura mai faifai da doguwar sanda, mai kuka idan ta bi ta kan ƙarfe. Mai gadi ya tausaya masa, ya bar shi ya shiga da ita sau ɗaya. Ina wurin. Duk inda ya kai faifan sai ta yi kuka. Ƙusa, makulli, guntun rodi, murfin gwangwani. Ashe ba shi kaɗai ya yi wannan dabara ba.

Ya mayar da ita shago. Bandar ya ce abin da aka saya ba ya dawowa, amma ya yi dariya ya ce, "Ya ammi, baffana, laifina ne. Wannan ta 'yan koyo ce, ba ta san tagulla da dalma ba. Taka tana ciki, ba kowa nake nuna wa ba."

Ya fito da wata 'yar baƙar roba mai mariƙi, da eriya mai juyawa, da ɗan aljihu a gefe. Ya ce a sa notin da ya rage a aljihun, ita kuma za ta nemo ɗan'uwansa daga nesa. Tana shiga aljihun riga, mai gadi ba zai ma gani ba. Ya ɗauki wani noti ya sa ƙarƙashin darduma a gaban idonsa, ya miƙa masa na'urar. Eriyar ta juya ta nuna dardumar.

Motarsa ya sayar ya saya.

Aikina gwaje-gwaje ne a asibiti. Da ya nuna mini ita na juya ta, na ga babu abin da ke motsa eriyar sai karkatar hannun mai riƙe ta. Na ce, "Abu Wejdan, bari in ɓoye noti ba ka gani ba, mu gwada."

"Bandar ya ce mai shakka yana ɓata ta," in ji shi. "Halas, ya isa haka, ya Abu Nasir. Ku masu karatu komai sai kun yanka kun duba."

Wata da watanni tana nuna masa wuri dabam-dabam. In ya koma shago, Bandar ya ce riƙon ne bai iya ba. Ya sayar masa da sabon mariƙi. Ya ce zafi ne, ya sayar masa da jaka ta musamman. Har ya taɓa tambayarsa ko da alwala yake riƙe ta.

Wata Juma'a na iso na same shi a tsugune a kan kabarin Nasir, yana kuka, eriyar tana kallon ƙasa.

"Na same ta," ya ce. "Sau uku tana kawo ni nan."

Ban yi mamaki ba. Nan muke rabuwa duk mako, ƙafarsa ta san hanyar. Na ce, "Wannan ɗana ne. Bayan ruwan aka buɗe layin nan, jikin katanga. Ni na sa shi da hannuna."

"Kai ma ka ruɗe ne. Ba kai kaɗai ba."

"Ban ruɗe ba."

Ya miƙe da ƙyar, yana dafa gwiwa. "Kai kana da inda za ka tsaya tun ranar farko. Ni yau na samu, shi ne za ka ƙwace?"

Ranar ya koma gida ya ce wa Mastura i. Bai ƙara yi mini magana ba. Shi ya riƙa zuwa kafin salla, ni bayan la'asar. Nakan tarar da ƙasar a jiƙe, ya yayyafa mata ruwa.

Bara ya rasu. An binne shi can wani gefe, babu noti, babu komai. Bayan sadakar uku na bi ta Bagdadiyya. A talabijin ɗin da ke tagar shagon, ga Ɗan'azumi nan, ranar da ya je godiya, yana riƙe da na'urar yana hawaye. An rubuta a ƙasa da Larabci cewa abokin cinikinmu ya sami dukiyarsa da ta ɓata. Wasu samari biyu suna tsaye suna kallo. Bandar ya leƙo ya ce musu, "Yalla, ku shigo ku sha shayi." Na gaya musu abin da ke cikin robar. Suka saurare ni da ladabi, sannan suka shiga.

Da Mastura ta fita takaba, ta kira matata, ta ce a ba ni wayar.

"Abu Nasir, Malam ya ce kai ka san wurin Wejdan. Ya ce Allah Ya sa maƙwabta ne da yaronka. Don Allah in ka je, ka gaishe mini da ita."

Ta ƙara da cewa, "Kana ji na?"

Na ce ina ji.

Duk Juma'a bayan la'asar nakan tsaya jikin katangar. In yi wa Nasir addu'a, sannan in juya wajen filin da aka daidaita, in ambaci sunan Wejdan. Da na isa gida wayar take ƙara, Mastura ce.