Kwana Goma Sha Tara a Aji Shida

Shekara ashirin da uku Malam Sake-Zana ya yi yana koyar da lissafi a aji biyar na sakandare, a ɗaki na uku daga matakala, wanda tagarsa ɗaya ba ta rufuwa. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, domin ba a taɓa miƙa masa zane ya karɓa a karon farko ba. Sai ya ɗaga takardar mai gida-gida sama, ya karkata kai, ya ce, "Wannan layin naka yunwa yake ji. Sake zana."

Aikinsa share fage ne. Yana koyar da yadda lamba ɗaya ke bin wata, da kusurwoyin alwatika, da ma'aunan kusurwa da ake kira sayin da kosayin, da yadda mutum zai dubi lissafi ya hango siffar layinsa tun bai ɗora fensir ba. Duk wannan shiri ne na kalkulas, wato lissafin da ke auna saurin canjin abu, wanda sai a aji shida ake taɓa shi. Bango ɗaya ne tsakanin ajin biyu, bangon kuma bai kai rufi ba. Ta wannan giɓin yake jin komai.

Sau huɗu ya rubuta takarda yana neman a ba shi aji shida. Da tsohon malamin ajin ya yi ritaya, har sabuwar riga ya ɗinka. Sai shugaban makaranta ya kira shi ofis, ya sa aka kawo masa kujera mai laushi, ya ce, "Malam, ai kai ne ginshiƙinmu. In na ɗauke ka daga biyar, wa zai riƙe mana?" Ya san irin wannan yabon, shi ake yi wa jaki ranar da kaya suka yi yawa. Aka ba wata matashiya ajin, wadda kowa ke ce wa Ƙaramar Malama. Ɗalibarsa ce a da. A benci na biyu take zama, kuma ya tuna sarai ranar da ya sa ta sake zanen kosayin sau bakwai har ta jiƙa takardar da hawaye.

Shekara bakwai yana jin muryarta ta saman bango. Yakan ji shirun da yara ke yi in abu ya fara shiga, sannan ya ji sun ja numfashi tare, wani ya ce, "Ashe haka ne." Shi a nasa ajin abin da yake samu tsaki ne a ɓoye da ƙurar gogewa. Wata rana wani tsohon ɗalibi da ya zama injiniya ya zo da hoton gadar da suke ginawa. Ya leƙo ta ƙofa, ya ce, "Malam, har yanzu ana sake zanawa?" Ya yi dariya, ya wuce ɗaki na gaba da hotonsa.

Ranar ko abincin rana bai ci ba. Matarsa ta dube shi ta ce, "Baban yara, wai kai da Ƙaramar Malama, 'yar cikinka, kake wannan kumburin?"

"Ni na haƙa rijiya, ita ake yi wa sannu da ruwa."

"To ka je ka tsaya bakin rijiyar kana faɗa wa masu ɗiba."

"Ba'a kike yi."

"Ci tukuna, sai na daina."

A shekararsa ta ashirin da huɗu, tsakiyar zango na biyu, ya shigo aji ya ce a mayar da takardu masu gida-gida cikin jaka. Ya rubuta x mai ƙaramar lamba uku a kanta, ya ce yau zai nuna musu abin da 'yan aji shida ke taƙama da shi. "Sauko da ta sama, ka rage mata ɗaya. Shi ke nan." Cikin minti goma kowa ya iya. Suka mayar da ƙa'idar waƙa, suna buga tebur. Karon farko ke nan da aka yi masa tafi, kuma ya ɗaga murya yadda za ta tsallake bango. Mako shida na sayin da kosayin ya dunƙule su a kwana huɗu. Mako huɗu na zane ya bar su gaba ɗaya.

Ƙaramar Malama ta same shi a ɗakin malamai yana shan shayi. Ta rusuna, ta ce, "Baba Malam, ina jin kamar an fara girbi a gonarku, shuka ba ta fito ba."

"Kunnenki na aji shida ne ko na biyar?"

"Bangon ne bai da sirri."

"To ki ce a ƙara masa bulo."

Ta miƙe. Ta ɗauki kofinsa ta wanke masa, abin da ya ƙara ba shi haushi.

Da sabuwar shekara ta kama, yaran nan talatin da takwas suka haura wurinta. A mako na uku ta yi musu gwaji. Duk sun iya saukar da ta sama. Huɗu kawai suka iya zana layin lissafin da suke saukar wa. Da ta tambayi dalilin ƙa'idar, ɗaya ya miƙe ya ce, "Haka Malam ya ce." Ga jarrabawar fita saura wata takwas.

Shugaba ya kira su biyu ofis. Wannan karon ba a kawo kujera mai laushi ba. Ya baza takardun a tebur, ya ce Malam ya duba. Malam ya duba sau ɗaya ya kawar da kai, domin ya san kowane kuskure da ranar da ya shuka shi.

"Ranka ya daɗe," in ji Ƙaramar Malama, "ni ban iya gyara wannan ba. Ni ɗori na iya. Wanda ya yi mini tushe kaɗai zai iya. A ba shi su, ni in koma biyar."

Ya bincika fuskarta ko zai ga izgili, bai gani ba. Da ya gani da ya fi samun sauƙi.

"Ka ji," in ji shugaba. "Sau huɗu ka nema. Ga shi, ba ka ma rubuta ta biyar ba."

Haka ya shiga aji shida a shekararsa ta ƙarshe kafin ritaya. Yara suka tarbe shi da waƙar. Ya jira suka gama, ya ce kowa ya fito da takarda mai gida-gida. Zango biyu cur suna kusurwa da da'ira, tsakin ma a fili ake yi masa yanzu, domin sun ɗanɗana sauƙi a hannunsa kuma shi ya ƙwace. Sai da ya rage kwana goma sha tara na karatu ya buɗe littafin kalkulas. Ya koyar da shi da kyau, wannan ba wanda ya musa. Yara ashirin da tara suka ci jarrabawa, tara suka faɗi, kuma har yau yana iya jero sunayen taran.

Ranar sallamarsa, bayan jawabai, Ƙaramar Malama ta rako shi bakin ƙofar makaranta riƙe da jakarsa. Ya tambaye ta yadda 'yan aji biyar suke, don kada a ce bai tambaya ba. Ta ce lafiya, sai dai sun dame ta, kullum bayan an tashi sai sun roƙe ta ƙarin zane. Ya tsaya. A duk shekarunsa babu yaron da ya taɓa roƙonsa ƙari.

"Me kike ba su?"

"Abin da kuka ba ni, Baba Malam. Ko waƙafi ban canza ba."

Ya karɓi jakarsa, ya yi mata godiya yadda ya kamata. Da ya isa gida, tun bai cire takalmi ba, ya ce wa matarsa, "Yarinyar nan akwai abin da take ɓoye mini."