Kitson da Inna Ta Yi Min a Bakin Ruwa

Ko da zan manta da komai na ƙuruciyata, ba zan manta da ranar da Inna ta kai ni inda ruwa ke faɗowa a dajin bayan garinmu Giwa Tazo ba.

Ni ce 'yar fari a wurinta, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni zuwa Danwarai, can na girma cikin gonakin albasa. In na zo ganin gida, Inna ba ta kallon idona, ba ta kiran sunana. Sai dai ta ce wa ƙanwata, "Ki ce ma waccan tuwonta na nan." Na san al'ada ce, amma sanin bai taɓa hana ni jin zafi ba. A raina na gama yanke cewa matar nan ba ta sona, kunyar ta zame mata mafaka ne kawai.

Damina ta biyu da samun jihar Kebbi aka ɗauke ni aikin koyarwa a Birnin Kebbi. Na je sallama, da niyyar in na tafi ba zan riƙa zuwa ba sai da dalili. Da hantsi na ji ta ce wa ƙanwata, "Ki ce ma waccan ta raka ni daji ɗibar sassaƙe."

Muka bi burtali, daga nan muka saki hanyar shanu muka kama wata siririya cikin itatuwan kanya da marke. Tana gaba da 'yar gatarinta, ina baya ina fama da takalmin 'yan boko, ciyawa ta jiƙa min zane har gwiwa. Sau biyu ina zamewa, ko waiwaye ba ta yi ba. Na cika na yi fam, ina ta shirya maganar da zan faɗa mata.

Ƙarar na fara ji kafin in gani. Wani rafi ne da ba ya rayuwa sai da damina, yana zubowa daga kan marmara, tsayinsa bai fi mutum biyu ba, amma in kana kusa sai ka ɗaga murya. Wurin da sanyi, ga inuwa, feshin ruwan yana taɓa fuska.

Inna ta duba gabas ta duba yamma. Babu kowa. Ta ajiye gatarin, ko itace ɗaya ba ta sara ba.

"Zamna nan," ta ce. Ni ta faɗa wa, ba ta aiko kowa ba.

Na zauna a kan dutse. Ta zare min kallabi, ta yi tsaki. "Haka za ki tahi birni, kai awa sheƙar tsuntsu? Wa yay yi miki wanga kitso?"

Ta tsefe shi, ta kamfato ruwa da hannu ta wanke min kai, ta sa kaina tsakanin gwiwoyinta ta fara kitso. Shekarata ashirin da biyu, ban san taushin hannun uwata ba sai ranar. Duk maganar da na shirya ta bi ruwa.

Ta kai rabi, sai ta sunkuyo daidai kunnena. "Da anka ɗauke ki, wata ukku nan nika tahowa. Cikin gida ba dama in yi kuka, a ce ban da kunya. Nan ko, in na kiri sunanki ba mai jiya."

Sai ta kira shi. Sau ɗaya, a hankali, yadda ake kiran yaron da ke barci. Na kifa fuska a cinyarta na yi kuka har da majina, ita kuwa ba ta fasa kitsonta ba, sai cewa take, "Tsaya mana, kina ɓata min layi." Amma ina jin ɗigon da ke sauka a wuyana, kuma ba na rafin ba ne, don da ɗumi.

Da muka dawo gida ta koma yadda take. Washegari ƙanwata ce ta kawo saƙo, wai in yi sauri kada motar Jega ta wuce. Har Allah ya karɓi ranta ba ta sake kiran sunana ba. Ni kuwa ban ƙara yin hutu ban je gida ba.

Yau tawa 'yar farin ina ƙwala mata kira har maƙwabta su ji, tsofaffi suna ce min marar kunya, ina dariya. Amma waccan ranar ta koya min kada in yi saurin cewa wani ba ya sona don bakinsa bai faɗa ba. Na yi shekara ashirin ina fushi da matar da take tafiya cikin daji ita kaɗai don kawai ta samu inda za ta kira ni.