Ticha Zaharaddini da Tabulet Arba'in na Ƙanensa

Ticha Zaharaddini haifaffen Aboabo ne, ɗan marigayi Alhaji Abdulmumini mai goro, wanda kakanninsa suka zo Kumasi da fatauci suka zauna. Shekara goma sha ɗaya muna zama teburi ɗaya da shi a ɗakin malamai na wata makarantar gwamnati da ke unguwar, ni ina koyar da Turanci, shi kwamfuta. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani shi ya ba ni da bakinsa. Ya ce in rubuta in ina so, amma kada in gyara masa hali.

Tun yana saurayi shi ne mutumin kwamfuta na unguwa. Lokacin da aka fara buɗe shagunan intanet, ya yi shekara huɗu yana tsaron wani a bakin titi, yana buga wa tsofaffi wasiƙa zuwa ga 'ya'yansu da ke Jamus da Libiya. Daga nan ya wuce kwalejin horon malamai. Ƙanensa Khalidu, wanda ya ba shekara tara, a wurinsa ya koyi komai, tun daga kunna kwamfuta har kwance ta. Shi ma daga baya ya zama ticha, aka tura shi wata makaranta a Ayigya Zango, gefen jami'a. Har yau gida ɗaya suke: Zaharaddini da iyalinsa a dama, Khalidu a hagu, mahaifiyarsu Mma Hamamatu a tsakiya.

Makarantarmu kwamfuta bakwai gare ta, uku ne masu rai. Bai taɓa ƙorafi sosai ba, domin ta Khalidu ma haka take.

Shekara biyu da suka wuce sai wata ƙungiya ta haɗa kai da ofishin ilimi, suka ce za su gwada koya wa yaran makarantun gwamnati ƙirƙirarriyar basira, wadda kowa ke kira AI. Hanya biyu suka ɗauko. Ta farko, a zaɓi makarantu huɗu, a ba kowacce tabulet arba'in da wutar sola da wata manhaja da yaro zai yi wa tambaya ta amsa. Ta biyu, a kira malamai daga makarantu goma sha biyu, a horar da su kwana biyar, a ba su littafi da akwatin katuna, su koma su koya wa yara yadda na'ura ke koyo ba tare da na'urar ba. Bayan shekara a gwama, a ga wadda ta fi.

Makarantar Khalidu tana da ɗaki mai ƙofar ƙarfe, kuma sabis yana kamawa da kyau a can. Ita aka ba tabulet. Mu aka ba mu littafi.

Ranar da Zaharaddini ya dawo daga horon, ya jefa littafin a gabana har shayina ya zube.

"Ticha, ga AI ɗinmu nan," ya ce. "Shafi tamanin da shida. Ba ya buƙatar caji."

Na yi dariya, shi bai yi ba.

A gida abin ya fi ci masa rai. An nuna ɗakin tabulet na makarantar Khalidu a talabijin na ɗan minti biyu, Mma Hamamatu ta sa aka tura mata a waya, duk wadda ta shigo gaisuwa sai ta nuna mata. A masallaci aka fara kiran Khalidu Injiniya. Mai koko ta bakin lungu, wadda ta san su tun suna yara, ta tambayi Zaharaddini wata safiya, "Kai ba a ba ka ba ne, ko ba ka iya irin wannan ba?" Ya ce mini ya biya kokon ya bar shi a kan benci.

Wanda ya fi duka shi ne na 'yarsa Nasira, wadda ke aji biyu a makarantarmu. Suna cin abinci ta ce, "Baba, don Allah a mayar da ni makarantar Baffa Khalidu." Ya tambaye ta me ya sa. Ta ce can ne ake koyon na gaske.

Wata Laraba ya nemi izini wurin hedimasta, ya ce zai je asibiti, ya hau trotro, wato motar haya, sai Ayigya. Ya ce wa Khalidu wucewa yake ya ga bari ya leƙo. Ɗakin an yi masa sabon fenti, fankoki huɗu suna juyawa, yara arba'in kowa da tasa a hannu, ba ka jin komai sai motsin yatsu. Khalidu ya gabatar da shi: "Wannan yayana ne, shi ya koya mini kwamfuta." Yara suka tafa. Zaharaddini ya ce mini tafin nan ji ya yi kamar sadaka aka ba shi. Ya zagaya ɗakin yana murmushi yana neman aibu. Ya samu tabulet biyu da gilashinsu ya tsage, kuma ya ce bai taɓa jin daɗin ganin fasasshen abu kamar ranar ba.

Amma aikinsa bai yi wasa da shi ba, wataƙila ma haushin ne ya tura shi. Katunan akwatin hotunan tuffa da dusar ƙanƙara ne, sai ya ture su gefe ya je kasuwa wurin tsofaffin abokan mahaifinsa ya samo goro. Ya ware yara biyar ya ce su ne na'ura, ba su san komai ba sai abin da aka nuna musu. Sauran aji suka riƙa miƙa musu goro ɗaya-ɗaya suna cewa wannan mai kyau ne, wannan mai tsutsa ne. Da gangan ya sa duk masu kyan jajaye ne. Da aka kawo farin goro lafiyayye, na'ura ta ce ɓatacce ne. Aji ya kaure da ihu. Ya bar su suka yi ta gardama har suka gano da kansu cewa laifin na masu nunawa ne. Ina ajin da ke kusa, sai da na bar nawa darasin na tsaya a taga.

Wata Juma'a bayan an sauko, Khalidu ya same shi a zaure ya zauna kusa da shi.

"Yaya, ina da damuwa. Yaran nan kwafa suke yi. Ka ba su aiki, su tambayi manhaja, su juye amsar. Jiya ta ba su amsar da ba daidai ba, su talatin da ɗaya suka rubuta ta. Ban faɗa wa kowa ba. Kai ya kake yi da naka?"

Darasin goron yana bakinsa. Ya san in Khalidu ya haɗa shi da tabulet, an gama. Sai ya ce, "Yaran zamani sai haƙuri." Ya tashi ya shiga ciki.

Da shekara ta cika, aka turo wata malamar jami'a mai suna Madam Farhana ta zagaya makarantun. Ta zauna a bayan ajinsa awa guda, ta yi wa yara tambayoyi, ta cika shafi uku da rubutu. Da suka dawo ɗakin malamai ta ce ba ta ga irin wannan ba a ko'ina. Sannan ta tambaye shi ko yana da abin ƙarawa game da gwajin gaba ɗaya. Ina zaune a wurin.

"Masu tabulet ɗin nan," ya ce, "ki bincika da kyau. Akwai inda yara talatin da ɗaya suka kwafi amsar ƙarya rana ɗaya, a Ayigya. Malamin ma bai lura ba."

Na ɗago na dube shi, ya kau da kai.

Bayan wata guda aka tara malaman makarantun duka a zauren ofishin ilimi don jin sakamako. Madam Farhana ta ce ba hanyar da ta kayar da ɗaya. Yaran tabulet sun fi iya sarrafa manhaja da saurin nemo abu, yaran katuna sun fi iya bayanin dalilin da na'ura ke kuskure, amma da yawansu da aka miƙa musu tabulet ba su san inda za su taɓa ba. Sai ta kawo labarin yara talatin da ɗaya, ta ce wani malami ne ya ba ta. Wani babba a ofishin ya ce malamin Ayigya ya miƙe ya yi bayani. Khalidu ya miƙe a gaban mutum sama da sittin. Ya ce gaskiya ne, ya ce ya lura, ya nemi shawara bai samu ba. Bai kalli inda muke zaune ba.

Da la'asar suka haɗu a ƙofar gida. Khalidu yana jingine babur ɗinsa.

"Yaya, mutum ɗaya na faɗa wa."

"Ai ba ƙarya na yi ba."

"Ka ce ban lura ba."

Khalidu ya juyo ya fuskance shi, ya ci gaba:

"Da ka ce tabulet kake so, wallahi da na kawo maka goma ranar Asabar ka yi ta koyarwa har Litinin."

"Ba aro nake so ba," in ji Zaharaddini. "Ni ya kamata a fara ba."

Ya ce mini sai da maganar ta fita ya ji nauyinta. Khalidu ya ɗauki jakarsa ya shige. Wata biyu suna gaisawa kawai, sun daina cin tuwo kwano ɗaya. Mma Hamamatu ta kira su ta tambaya, kowa ya ce ba komai. Ta ce to ita ma ba za ta ci ba sai an dawo da kwanon. Aka dawo da shi, ana ci ba hira.

Ƙungiyar ta yanke shawarar haɗa hanyoyin biyu. Aka rarraba tabulet ɗin, makarantarmu ta samu goma, ta Khalidu ta koma goma daga arba'in. Da hutu ya zo aka shirya wa malamai horo na kwana uku, aka ba Khalidu kwana biyu da rabi ya koyar da sarrafa manhaja, aka ba Zaharaddini yammacin ƙarshe ya nuna darasin goro. Ya zauna a layin gaba yana rubuta abin da ƙanensa ke faɗa, har ya ɗaga hannu sau biyu. Da lokacinsa ya zo, Khalidu da kansa ya shiga cikin mutum biyar ɗin da suka zama na'ura. A hanyarmu ta komawa Zaharaddini ya nemi gafararsa a bakin titi, a gurguje, trotro na jira. Khalidu ya ce ya wuce. Muna zama a mota kuma Zaharaddini ya raɗa mini cewa ko na lura a takardar shirin sunan Khalidu aka fara sawa.

Yanzu yana koyar da goro ranar Talata, tabulet ranar Alhamis, yara huɗu-huɗu a kan kowacce. In wata ta ƙi kunnuwa, yakan yi ta fama da ita kwana biyu kafin ya tura wa Khalidu saƙo a waya, alhali tsakar gida ce kawai tsakaninsu.

Makon jiya labari ya zo cewa an gayyaci Khalidu taro a Kigali, zai yi magana kan yadda aka haɗa hanyoyin biyu a Kumasi. Zaharaddini ya karanta saƙon a ɗakin malamai, ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya kife wayar. Ya daɗe yana duba littattafan yara yana ba da maki. Can ya juyo ya tambaye ni ko na san yadda ake sabunta fasfo.