Tayar da ban durƙusa na duba ba

Laraba: Tamale zuwa Yapei

Ƙarfe biyar da minti ashirin na asubahin Laraba muka bar tashar Tamale, gari bai gama wayewa ba. Motar tawa ce, ƙaramar bas mai cin mutum goma sha huɗu, wadda na saya da kuɗin sallamata daga aikin gidan waya. Direbanta Fuseini ne, mutumin Kasalgu, dattijo mai furfura a gemu, shekara biyu ke nan yana ja mini ita tsakanin Tamale da kasuwar Techiman. Na ce masa zumunci zan je yi. Ƙarya nake yi. Na biyo shi ne don in kama shi da sata.

Wanda bai ga shekarar da ta biyo bayan babbar yunwa ba, ba zai gane darajar taya ba. Wata huɗu na yi ina zarya kafin in samu sababbi guda biyu, aka ɗaura su a gaba. Bayan mako biyar kacal, wata safiya a ƙofar gidana na Changli, na ga ta hannun dama ta cinye, ta yi sumul, har zare ya fara leƙowa. Nan take na yanke hukunci: Fuseini ya sayar da sabuwar a Techiman ya ɗaura mini tsohuwa. Ni kuwa ba na iya riƙe magana. Ran Litinin na faɗa wa Ciyaman na tasha, na ce ya nemo mini wani direba kafin Juma'a, amma kada Fuseini ya ji sai na dawo da hujja.

Kujerar gaba na zauna, kuma sai da muka fita gari na tuna cewa a irin wannan mota kujerar a kan tayar dama take. Wato a kan abin da nake zargi nake zaune, da mata 'yan kasuwa goma sha biyu a bayana da ƙoren man kaɗe. Mil talatin zuwa Yapei, awa ɗaya da minti arba'in muka yi. Kowane rami muka faɗa sai na ji shi a haƙorana.

Yapei zuwa Buipe

A shingen gadar Yapei wani soja ya zagaya motar, ya shuri tayar da takalmi, ya dube ni ta taga.

"Kai ne mai mota?"

Na ce ni ne.

"Kana son ranka kuwa?"

Bai jira amsa ba ya ɗaga mana hannu. A cikin matan baya wata Hajiya ta fara salati ƙasa-ƙasa.

Daga nan na sa wa hannun Fuseini ido. Hanya a miƙe take, amma sitiyari a karkace yake, kuma jijiyoyin hannunsa duk sun tashi. Na ce, "Me ya sa kake kokawa da ita haka?"

"Masta, shi ne yana kokawa da ni. Duba."

Ya sassauta hannu na ɗan lokaci. Motar ta sulale dama, ta nufi daji da kanta. Na dafe gaban mota na ce ya riƙe, ya riƙe don Allah. Ya dawo da ita kan hanya. Ni kuwa a zuciyata na ce, to, tsohuwar tayar da ka sa ce ta jawo.

Ƙarfe tara da rabi muka isa Buipe, mil sittin da uku daga gida. Na sayi dokunu da soyayyen kifi na sidi ashirin, na kasa ci. Fuseini bai sayi komai ba. Ruwa ya roƙa a bokiti yana zuba wa tayar dama, tururi yana tashi. Da na taɓa ta hagu, ɗumi kawai ta yi.

Buipe zuwa Kintampo

Wannan zango mil hamsin da bakwai ne, kuma kwaltar ta fi yawa a baki fiye da a ƙasa. Motoci a jere a gefen hanya, an ɗora su a kan duwatsu, masu su sun tafi neman taya. Wata har ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinta. Ina ta ƙirga su.

Saura mil tara mu shiga Kintampo, ƙarfe ɗaya da kwata, ta fashe. Ƙarar a ƙarƙashina ta tashi. Motar ta durƙusa dama, mata suka sa salati da ihu, ƙwaryar man kaɗe ɗaya ta tarwatse. Abin da na gani shi ne Fuseini ya kwanta a kan sitiyari da dukan ƙarfinsa, bai taka birki ba, ya bar ta tana rage gudu da kanta har ta tsaya taku uku daga bakin wani kwari. Na fito, na zauna a ƙasa da babbar rigata.

Ya ɗaura safaya, wato tayar ajiya, tsohuwa amma mai sauran rai. Na duba ta da kyau kafin ya ɗaura: zanenta daidai yake daga wannan gefe zuwa wancan. Fasasshiyar kuwa na ce a sa mini ita a ƙarƙashin ƙafata, don ita ce hujjata.

Techiman

Biyar saura kwata muka shiga Techiman. Bayan an sauke fasinja Fuseini ya ce, "Masta, safayan nan ba zai kai mu gida ba sai an duba ƙafa. Akwai wani makanike." Na yarda da sauri, don na ɗauka can ne ake cinikin.

Makaniken wani Kirista ne daga kudu, Masta Kwaku, gajere mai ƙaton tabarau, Hausarsa ta kasuwa. Ya shafa safayar da tafin hannu, sannan ya kama hannuna ya shafa da shi. Gefen waje ya yi kaushi, ya fara cinyewa, cikin mil arba'in da bakwai kawai, ina zaune a kanta.

Na jawo fasasshiyar na ce, "Wannan fa? Tsohuwa ce ko sabuwa?"

Ya juya ta, ya nuna mini gefen ciki. Zanen yana nan da zurfinsa, yatsana ya shige. Ya goge lambar jikinta da tsumma, ya kai ni ga ta hagu. Iri ɗaya, kamfani ɗaya.

"Papa, sabo ne. Taya biyu uwa ɗaya. Kai ka duba waje kawai, ba ka durƙusa ba."

Sai ya ɗauko zare, zaren buhu na banza, ya ɗaure a baya ya ja shi ta gefen tayoyin zuwa gaba. Ta baya ta kwanta a jikin zaren daidai. Ta gaba kuwa hancinta ya karkata ciki, har yatsuna biyu suna shiga tsakani. Ya ce sandar da ke haɗa sitiyari da ƙafa ce ta lanƙwashe, rami ya buge ta, don haka tayar ba birgima kawai take yi ba, jan ta ake yi a kan titi kamar ana goga ta a dutse.

"In mota ya faɗa babban rami, a saita ƙafa. In sitiyari ya karkace ko yana ja gefe ɗaya, a saita. In taya yana ci gefe ɗaya, a saita. Kuma kafin ka sa sabon taya, dole. Shi ne alaimen. Direba bai gaya maka ba?"

Ya gaya mini. Ranar da tayoyin suka zo ya ce, Masta a saita ƙafa tukuna. Na ce masa wayon direbobi ne, mota tana tafiya lafiya me za a saita. Na dubi Fuseini, shi kuwa zaren yake kallo.

"Na gaya masa ya duba," in ji Fuseini. "Mantuwa ne."

Ya rufa mini asiri a gaban baƙo. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Alhamis

A gidan wani maigida mai saukar baƙi a unguwar Zango muka sauka, ɗaki ɗaya, tabarma biyu. Yinin Alhamis Masta Kwaku ya cire sandar, ya miƙar da ita, ya yi ta juya noti yana auna zare har sau biyar. Ni kuwa hankalina yana Tamale. Gobe Juma'a Ciyaman zai kawo sabon direba tasha. Na je gidan waya in buga wa Ciyaman, aka ce layin arewa ya yi mako uku a mace. Ni da na yi shekara talatin a aikin, na sani tun kafin in tambaya. Sau uku na buɗe baki in gaya wa Fuseini gaskiya, sau uku na tambaye shi farashin doya.

Juma'a: komawa gida

Biyar da rabi muka tashi da lodin doya da fasinja tara. Bayan Kintampo ya saki sitiyari da hannu biyu, motar ta miƙe sak. Matan baya suna ta hira. Ni kaɗai nake gumi, ina tsara yadda zan dira kafin mota ta gama tsayawa, in ja Ciyaman gefe in ce a bar maganar.

Ƙarfe huɗu da minti goma muka shiga tashar Tamale. Ban ko buɗe ƙofa ba na hango Ciyaman tsaye da wani mutum mai hular sanyi, ga direbobi sun taru kamar ana jiran gawa. Ya ɗaga murya tun daga nesa: "Malam, ga direban! Ka kama ɓarawon naka?"

Fuseini ya kashe mota, ya zare makulli, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Tun Litinin na ji, Masta. Tasha ba ya ɓoye magana. Na ce bari in kai shi a gyara in dawo maka da shi daidai, kada wanda zai karɓa ya kashe mutane."

Na fito na tsaya a tsakiyar tasha, na faɗa da ƙarfi cewa ƙarya na yi masa, laifin nawa ne. Na roƙe shi gafara a gaban kowa. Ya ce ya yafe, duniya da lahira. Na ce to karɓi makullinka. Ya girgiza kai, ya ɗauki butarsa da dardumarsa daga ƙarƙashin kujera, ya kama hanyar Kasalgu da ƙafa.

Na isa Changli ana kiran magariba, iyali suka tarye ni da barka da zuwa. Na gode wa Allah da Ya dawo da mu lafiya, na gode wa Masta Kwaku da maigidan da ya sauke mu. Fuseini kuwa sau huɗu na je gidansa in yi masa godiya. Kowane zuwa yakan shimfiɗa mini tabarma, ya kawo ruwa, ya tambayi lafiyar mota, amma bai ƙara taɓa sitiyarinta ba.