Wannan Ba Yaƙi Ba Ne, Sa

Dokokin yaƙi nake koyarwa a sashen shari'a na wata jami'a a shekarun casa'in, kuma abokan aikina ba su bar ni na sha ruwa ba. Wai ni ne malamin da ke koya wa mutane kisa cikin ladabi. Ni kuwa ina son darasina. Nakan buga tebur in ce wanda ya ajiye makami ba a taɓa shi, mai rauni ba a ƙarasa shi. Nakan kuma ja kunnen ɗalibai cewa waɗannan dokoki sai an kai ga yaƙi sosai suke aiki, tarzomar gari kuwa hurumin dokar laifuka ce ta ƙasa. Duk wanda ya cakuɗa biyun a jarrabawa, jan biro ne rabonsa.

Ana yajin aiki na koma gida Kafanchan. Ranar da rikici ya ɓarke, ina dawowa daga Godogodo da rana tsaka, inda na je jin ta bakin tsofaffi kan yadda kakanninmu suke yaƙi. Kafin in shiga gari na ga babur yana ci da wuta, ga mutum kwance a gefen titi, babbar rigarsa jina-jina. Alhaji mai citta ne, wanda tun ina yaro yake zuwa ƙauyenmu sayen cittar mahaifina. An sare shi a kafaɗa har ana hango ƙashi.

Na ciccibe shi zuwa kujerar bayan motata, na lulluɓe shi da kwat ɗina.

"Ɗana, kai ne?" in ji shi. "Kai ni asibiti, don Allah."

"Baba, yi shiru. Yanzu za mu isa."

Ba mu yi nisa ba muka tarar da samarin wajenmu sun tare hanya da itace da tayoyi masu ci da wuta, fuskokinsu shafe da gawayi, hannuwansu riƙe da adduna da kwari da baka. Na yi musu yarenmu, na faɗi ƙauyenmu. Har sun fara janye itacen da suka gindaya, sai zafin ciwo ya sa Alhaji ya yi salati. Nan take aka fizge ƙofar, aka jawo shi ƙasa ta ƙafa.

Na fito ina ihu cewa tsoho ne, ba makami a hannunsa, mai rauni ne. Wani ya kai mini gora a baki, na ji haƙorina ya motsa.

"Ku bar shi, lakcarana ne a jami'a," in ji wata murya. "Barka da rana, sa."

Ɗalibina ne, ɗan wani malamin firamare, yaron da kullum yake zama a layin gaba. Ban taɓa murnar ganin mutum kamar lokacin ba. Na kama hannunsa na ce ya gaya musu abin da ya sani, ba a ƙarasa mai rauni.

"Sa, wannan ba yaƙi ba ne," ya ce, muryarsa a natse kamar yana amsa tambaya a aji. "Rayot ne, tarzomar gari. Dokar nan bai shafi nan ba. Kai ka koya mana."

"To dokar ƙasa fa? Kisan kai ne wannan!"

"Ina kotun yake, sa? Da safe an ƙone shagon yayana da shi a ciki."

Ya zame hannunsa daga nawa. Mutum biyu suka danne ni a jikin mota. Alhaji ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana kare kansa, addar ta tafi da yatsunsa, sara na biyu ya same shi a wuya. Ɗalibina ne ya yi duka biyun. Na yi kuka, na zage shi, na zagi kaina, ba wanda ya kula ni.

Da suka ji ƙarar motar sojoji suka watse cikin gonaki. Na mai da gawar cikin mota, na bi bayan sojojin har unguwar su Alhaji. Matan gida suka ɗauki kururuwa. Babban ɗansa ya sa aka ba ni ruwa na wanke baki, sannan ya ja ni cikin zaure, inda samarinsu suke tsaye da wuƙaƙe.

"Malam, ka san wanda ya yi?"

Na san sunansa, na san rubutun hannunsa, na san ƙofar gidan uwarsa. Na dubi wuƙaƙen nan na ce na sani, amma a gaban alƙali zan faɗa. Ya ce ya yarda, zai jira.

Na kai kaina wurin hukuma, na faɗi abin da na gani. Har yau ba kotun da ta kira ni. Duk ranar da na haɗu da ɗan Alhajin nan a kasuwa, yakan gaishe ni da girmamawa, ya ce, "Malam, ina nan ina jira."