Rifkatu da Ɗan Takarar da Bai Fito Ba

A wannan watan ne matata Rifkatu ta cika shekara shida da rasuwa. Da ma kowace shekara nakan bar ranar ta wuce shiru, daga coci sai gida, sai kuma 'ya'yanmu su kira ni a waya su ji lafiyata. Bana kuwa ranar ta zo daidai da wani labari da ya cika gari. Mutumin da kowa ke cewa shi zai lashe kujerar shugaban ƙasa a zaɓe mai zuwa ya fito ya ce ba zai tsaya ba.

A cikin keke napep na ji labarin, tsakanin Nasarawa da Kakuri. Mai keken yana ta faɗa shi kaɗai, wai an yaudare su, an bar su a rana. Wata mata da ke zaune kusa da ni, riƙe da kwandon barkono a cinya, ta ce ita kam ta gode wa Allah, gara mutumin ya koma gida da mutuncinsa, don kujerar nan ba ta taɓa barin kowa yadda ta same shi ba. Suka yi ta ja har muka iso. Na taɓa jin wannan gardamar a cikin gidana, a kan wani ɗan takara daban, kuma ɗayan bakin nawa ne.

Ni malamin firamare ne mai ritaya, ɗan kudancin Kaduna, amma a Kakuri na yi mafi yawan rayuwata. Rifkatu 'yar Filato ce. Tana budurwa ta shigo Kaduna ta kama aiki a ɗaya daga cikin masaƙun unguwarmu, a sashen da ake duba yadi kafin a naɗe shi. A wancan zamanin da jiniyar masaƙa mutane ke sanin lokaci. In ta yi kuka aka tashi daga aiki, titi ba ya biyuwa saboda kekuna. A sashen nasu ta haɗu da Asabe, wadda yanzu ake kira Hajiya Asabe, Bahaushiya mai yawan dariya. Kwano ɗaya suke ci. In azumi ya zo, Rifkatu ba ta buɗe abincinta a gabanta, sai ta zaga bayan sito.

Abu biyu suka raba su, kuma babu laifin kowa a cikinsu. Masaƙa ta rufe. Rikicin da ya raba garin nan biyu kuma ya sa Asabe da iyalinta suka kwashe kaya suka ƙetare gada zuwa Tudun Wada, kamar yadda waɗansu 'yan cocinmu suka kwaso nasu suka dawo wajenmu. Rifkatu ta koma sayar da atamfa a kasuwa, atamfar da ake shigowa da ita daga waje. Takan murza bakin yadin da yatsa biyu ta yi tsaki, sannan ta yi wa mai saye murmushi ta ce mai kyau ne.

Ba ta damu da siyasa ba sai da maganar wancan ɗan takarar ta taso. Ba zan ambaci sunansa ba, don ba shi nake tunawa ba. Ba ɗan jiharmu ba ne. Abin da ake faɗa a kansa shi ne a inda ya taɓa riƙe mulki ya tayar da masana'antun da suka mutu, kuma in ya buɗe baki ba ka jin yana kiran mutane da sunan addininsu. A ƙofar coci ana maganarsa, a ƙofar masallaci ma haka. Tun bai ce yana so ba, hotunansa sun cika jikin bas-bas da kekuna. Kowa ya ɗauka an gama, rantsuwa kawai ake jira. Rifkatu ba ta kiran sunansa ma, sai dai ta ce mutumin namu.

Wata Asabar ta yi kwalliya ta ce mini za ta Tudun Wada. Na tambaye ta lafiya, ta ce Asabe za ta nemo. Daga wannan tafiyar suka haɗa ƙungiyar tsofaffin matan masaƙa. Babu wanda ya aike su, babu ɗan jam'iyyar da ya san da zamansu. Wannan makon taro a Tudun Wada, mako na sama a Kakuri. Na ga matan da suka yi shekaru ba su taka wannan ɓangaren garin ba suna saukowa daga keke a ƙofar gidana, suna waige-waige da farko, daga baya suka saba har suna yi mini tsiya wai na tsufa. A ƙarƙashin mangwaron tsakar gida suke zama. Rifkatu ta dafa musu gwaten acca, masu hijabi su shimfiɗa tabarma a gefe in la'asar ta yi. Aikin da suka sa a gaba ɗaya ne: duk macen da ba ta da katin zaɓe sai sun kai ta ta yi. Rifkatu ta tsaya a layi da matan da ba ta san su ba, ta riƙe musu jarirai, ta yi rigima da masu tsallake layi.

Ni kuwa ina gefe ina kallo, zuciyata ba a kwance ba. Na ga abin da sakamakon zaɓe ya taɓa yi wa garin nan. Ina ta tunanin ranar da za a sanar da wani suna ba nasa ba, alhali matata ta zama sananniya a ɓangarorin gada biyu.

Ranar da labarin janyewarsa ya fito, da rana ne, tana zaune a baranda tana tsince wake, rediyo na gefena. Mutumin ya yi magana a natse. Ya ce ya yi shawara da iyalinsa da dattawan ƙasa, ya ga bai dace ya shiga takarar ba a wannan karon. Ya gode wa sarakuna, ya gode wa shugabannin jam'iyya, ya roƙi kowa ya zauna lafiya. Aka sa kiɗa.

Rifkatu ta ajiye tiren a ƙasa a hankali. Ta ce, "Malam, ka ji abin da na ji?"

Na ce na ji. Can na ce, "Maman Ishaku, wataƙila alheri ne. Da ya tsaya aka hana shi, kin san abin da zai biyo baya. Ni dai yau zan yi barci."

Ta dube ni, ba da fushi ba. Ta ce, "Kai tsoronka ranar da za a sa wa gari wuta. To, fita ka dubi Kakuri. Garin yana ƙarewa a gabanmu kullum, don dai babu hayaƙi ne ba ka gani."

Ba mu sake tayar da maganar da ƙarfi ba, amma ta zauna a tsakaninmu. Kuma ba gidanmu kaɗai ba. A wurin mai jarida, wani ya ce saye shi aka yi, wani ya ce barazana aka yi masa, wani ya ce ciwo yake ɓoyewa. Samarin layinmu suka ce da ma sun gaji da tsofaffi, ko shi ko waninsa duk ɗaya ne. Maƙwabcinmu Baba Terna, wani dattijo ɗan Binuwai da ya yi gadi a masaƙa, ya ce mini shi murna yake yi da baƙin ciki a lokaci guda. Baƙin ciki don ya so ya ga an kunna injinan nan kafin ya mutu. Murna kuma don a rayuwarsa ya zaɓi mutane da yawa ya ga sun lalace a idonsa, wannan dai zai rage masa mutum ɗaya da bai ba shi kunya ba.

Taron matan da ya biyo baya a gidanmu aka yi, ina cikin ɗaki ina jin su ta taga. Tambaya ɗaya suke yi wa Rifkatu da Asabe: yanzu wa za mu zaɓa? Manyan 'yan takarar da suka rage biyu ne, kuma kowace mace a wurin ta san wanda aka ce mata nata ne. Wata ta ce a cocinsu an riga an yi magana. Wata ta ce su ma malaminsu ya yi. Babu wadda ta zagi wata, sai dai na ji dariyar da na saba ji ta ɗauke. Rifkatu ta ce musu ba za ta zaɓa wa kowa ba, abin da take roƙo kawai kada wadda ta zauna a gida ranar zaɓe.

Sai wata mai suna Talatu, mai sayar da ƙosai a bakin tasha, ta miƙe ta kwance bakin zanenta, ta fito da katinta ta ajiye a gaban Rifkatu. Ta ce, "Mama, ga kayanki. Ke kika sa na rufe kasko na tsaya a rana. Ni don mutum ɗaya na yi, mutumin kuma ya ce ba ya so."

Rifkatu ta ɗauki katin, ta share shi da mayafinta. Washegari da sassafe ta kai mata har wajen suya. Ta dawo hannunta babu katin.

Daga nan taron ya fara ja da baya. Wannan ta ce jikanta ba lafiya, waccan ta ce hanya ba daɗi yanzu da kamfe ya yi zafi. Matan Tudun Wada suka daina ƙetarowa, na Kakuri suka daina ƙetarawa. Ita da Asabe suka koma gaisawa ta waya. Ranar zaɓe Rifkatu ta fita tun da wuri, ta bi layi, ta dangwala, ta dawo da tawada a yatsa. Har ta bar duniya ba ta gaya mini wanda ta zaɓa ba, ni ma ban tambaya ba. An yi zaɓen, gari bai ƙone ba, masaƙa ma ba ta buɗe ba. Kowannenmu ya sami abin da zai ce da ma na faɗa, amma babu wanda ya faɗa.

A shekarar da ta biyo baya hawan jini ya kwantar da ita. Wata rana a asibiti, talabijin na ɗakin marasa lafiya ya nuno mutumin a wani taro, yana yanka ƙyallen buɗe wani gini yana murmushi. Na miƙe zan roƙi a sauya tasha, ta ce in bari. Ta kalle shi har aka ɗauke hoton. Sannan ta ce, "Ni ban ce dole ya tsaya ba, Malam. Ransa ne, iyalinsa ne. Amma ya gode wa sarakuna, ya gode wa dattawa. Matan da suka tsaya a rana fa? Ko da kalma ɗaya." A nan na gane ba kujerar ce ta fi ci mata rai ba.

Yanzu da tarihi ya maimaita kansa, ina ta tambayar kaina abin da za ta ce. Na san za ta yi mamakin yadda gardamar ta koma cikin waya, yara suna zagin juna da yatsa ba su taɓa zama a tabarma ɗaya ba. Na san in ta bi ta gaban masaƙa ta ga ciyawa ta fi katanga tsayi kallona kawai za ta yi. Abin da ban sani ba shi ne ko za ta sake yin kwalliya ranar Asabar ta ƙetare gada saboda wani ɗan takara. Ni kaina na sauya. Tsoron nan bai bar ni ba, kuma har gobe ina ganin ba laifi ne mutum ya so matarsa ta dawo gida lafiya. Amma na ga samarin da na koyar sun kama tuƙin keke da digiri a aljihu, na ga waɗansu sun bar garin ba su dawo ba. Da na ji mai keken nan yana faɗa, sai na tarar rabin zuciyata tana tare da shi, abin da shekarun baya ba zan yarda ba.

A makon jiya na shiga mota na tafi Tudun Wada gaishe da Hajiya Asabe. Rabona da ita tun zaman makoki. Ƙafa ta hana ta fita sosai, amma dariyar tana nan. Muka gaisa, ta tambayi Ishaku da ƙannensa, ta sa aka kawo mini kunun gyaɗa. Na ce mata ko ta ji wani ma ya janye. Ta ce ta ji, jikokinta sun hana ta sakat da zancen. Na tambaye ta ko har yanzu tana jin haushin na wancan karon.

Ta ce, "Haushin me, Malam? Ni ko a hanya na gamu da shi ba lallai in gane shi ba. Rifkatu ce ta zo har ɗakin nan ta ce in tashi, na tashi. Yawancinmu ita muka bi. Da ta ce mu ci gaba da taruwa ko babu ɗan takara, da mun taru. Ita ta ɗauka saboda shi muke zuwa, mu kuma kunya ta hana mu ce mata ba haka ba ne."

Na dawo gida da wannan maganar, kuma ita ce ta fi yi mini nauyi a bana. Mutumin da Rifkatu ta sa wa rai yana nan da ransa, ba a cika ambatonsa ba yanzu. Ƙungiyar ta watse, masaƙa tana rufe. Abin da ya rage nata ba shi da yawa in aka auna shi da ma'aunin 'yan siyasa: waɗansu mata a ɓangarorin gada biyu da suka san ƙofar gidajen juna, da kuma waɗanda ke fita zaɓe har yau don wata rana an riƙe musu jariri a layi. Ta tafi tana ganin mutum ɗaya ne ya tara matan nan, kuma janyewarsa ce ta watsa su. A rabin farko ta yi gaskiya, mutum ɗaya ne ya tara su. Sunan ne kawai ta kuskure, su kuma da suka sani ba su gaya mata ba.